Daga Birnin Kebbi Zuwa Yamai Mil Nawa Ne A Jirgin Sama?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan filin da ka saba ba ni, in warware wata gardama da malamai da akawuna ke yi a nan, wai tsakanin filin jirgin samanmu na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa da filin Diori Hamani na Yamai mil nawa ne.

In an miƙa zare a kan taswira, tsakaninsu wajen kilomita 260 ne, watau mil 160. Ƙaramin jirgi ba ya cika awa guda zai sauka. Mai mota kuwa sai ya bi ta Kamba, ya ƙetare iyaka zuwa Gaya, ya wuce Dosso, tafiyar da ta fi kilomita 400, ban da tsaye-tsayen shingaye.

To, ga abin mamaki. A watan Mayu na 2024 daga Ambursa jirgin alhazan Nijeriya na farko ya tashi zuwa Madina, kusan kilomita 4,000. Amma babu jirgin fasinja da ke zirga-zirga tsakaninmu da Yamai. Wanda ya ce lalle sai ta sama, tilas ya fara zuwa Abuja, kilomita 500 kudu maso gabas, alhali Yamai tana arewa maso yamma. Ko da ya yi sa'ar jirgi kai tsaye daga can, tafiyarsa ta zarce kilomita 1,200.

Jama'a, ku duba ko su wa ke wahala. Arawan Kangiwa da na Dogon Dutsi dangi ɗaya ne tun kafin Ingila da Faransa su shata iyaka. Dendawan Kamba da na Gaya haka. Masunta daga Nijar kan zo bikin kamun kifi na Argungu. Ruwan Rima kansa cikin Kwara yake zuba, kogin da Yamai ke bakinsa. Da aka rufe iyaka a Agusta 2023, har zuwa Maris 2024, fatake da masu jinya da masu zuwa ta'aziyya su suka ji jiki.

Na san za a ce kuɗin jirgi ya fi ƙarfin talaka, kuma jirgi ba ya ƙetare iyaka sai da yardar hukumomin ƙasashen biyu. Gaskiya ne. Saboda haka roƙona ga shugabanninmu biyu ne. Su nemi a shirya ƙaramin jirgi ko sau ɗaya a mako, a gwada lokacin bikin Argungu a ga yawan masu shiga. Kafin nan kuma a kula da hanyar Kamba, a rage shingaye, gama ita ce ta talaka. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, amma ƙafa sai ta sami hanya.

 

Ni ne naka,
Akawu, Birnin Kebbi.