Sharhi: Tamowa Da Ƙiba, Tushe Ɗaya Na Cututtukan Zuciya A Afirka

An daɗe ana kallon tamowa a matsayin matsalar ƙauye, ƙiba kuma ta masu hali a birni. Alƙaluman lafiya na nuna cewa matsalolin biyu sun fara haɗuwa a ƙasa ɗaya, wani lokacin ma a gida ɗaya.

Binciken yawan jama'a da lafiya na Najeriya na 2018 ya gano cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, yayin da kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Tsumburewa ta fi tsanani a karkara, ƙiba kuma a birane.

Sai dai akwai alaƙa tsakaninsu. Tun a shekarun 1980 masanin Birtaniya, David Barker, ya nuna cewa jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi fuskantar cututtukan zuciya idan sun manyanta. Haɗarin na ƙaruwa idan yaron da ya tashi cikin yunwa ya koma birni, inda taliyar leda, soye-soye da lemon kwalba suka fi kayan lambu sauƙin samu, aikin ƙarfi kuma ya ragu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun hallaka mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mace-macen sun auku ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki. Hawan jini ba kasafai yake nuna alama ba, don haka mazauna karkara da dama ba sa sanin suna da shi sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Gwamnatoci sun fara ɗaukar mataki. Afirka ta Kudu ta sanya haraji kan abubuwan sha masu sukari a 2018, Najeriya kuma ta ɗora naira 10 kan kowace lita a Dokar Kuɗi ta 2021.

Amma haraji kaɗai ba zai wadatar ba. Muddin ana tafiyar da shirin ciyar da yara daban, na yaƙi da hawan jini daban, yaron da aka ceto daga tamowa na iya komawa asibiti da ciwon zuciya. Cibiyar lafiya a matakin farko da ke auna nauyin jariri ita ce ta fi dacewa ta auna jinin mahaifiyarsa a rana guda.