RA'AYINMU: Mutanen Agege, A Dama Da Mu A Ƙaramar Hukuma

Ranar Asabar 12 ga watan Yuli, 2025, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Ikko, inda aka zaɓi ciyamomi 57 da kansiloli 376. Jaridu sun ba da labarin cewa a wurare da yawa jama'a ba su fito ba, ma'aikatan zaɓe suka wuni suna jiran masu jefa ƙuri'a. Muna son kowane mai karanta wannan shafi, musamman 'yan'uwanmu mutanen Arewa mazauna Agege da kewayenta, ya tambayi kansa inda yake a ran nan. Sa'an nan ya sake tambayar kansa ko ya san sunan kansilan mazaɓar da yake kwana a cikinta. Idan amsar ita ce bai fita ba, bai kuma san sunan ba, to, da shi muke magana yau.

Mun zaɓi Agege ne domin babu wata unguwa a bayan garin Ikko da Bahaushe zai ce ya fi daɗewa a cikinta. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Ikko ta ratsa Agege ta isa Badun a 1901, ta kuma kai Kano a 1911, fatake suka soma sauka a nan suna sayen goro daga gonakin Yarbawa suna aikawa Arewa, shanu kuma suna gangarowa Kudu. A kan wannan ciniki aka kafa Zangon Agege, aka yi masu gida da dillalai da mahauta, aka yi masallatai da makarantun allo, har aka naɗa Sarkin Hausawa. Yau akwai magidanta a Agege waɗanda kakanninsu a nan aka haife su, a nan kuma aka binne su. Suna jin Yarbanci kamar Hausa, sun yi auratayya da maƙwabta. Ƙidayar da aka yi a 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar sun haura dubu 450, kowa kuwa ya san 'yan Arewa ba su da kaɗan a cikin wannan adadi.

Duk da haka, da yawa daga cikinmu har gobe zaman baƙunci muke yi. Mutum ya shekara talatin yana sayar da nama ko yana canjin kuɗi a Agege, amma katin zaɓensa na Katsina ne ko na Sakkwato. In lokacin babban zaɓe ya zo ya hau mota ya tafi gida ya zaɓi ɗan majalisar da ba zai sake gani ba sai bayan shekara huɗu, ya dawo ya tarar da lambatun ƙofar shagonsa ya toshe kamar yadda ya bar shi. In an ce ana taron unguwa ya ce wannan na masu gari ne. In an tsawwala masa haraji ya biya yana gunaguni, ba ya ko neman rasit. In tura ta kai bango ya ruga fadar Sarkin Hausawa ya kai kuka. Wannan hali ya yi mana illa mai yawa, ya kamata mu dube shi da idon basira.

Bari mu tuna wa masu karatu abin da ƙaramar hukuma take riƙe da shi, domin wasu suna zaton ba ta da wani aiki sai biyan albashi. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukanta filla-filla. Ita ke da kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kula da su. Ita ke da makabartu. Ita ke ba da lasin keke da amalanke da baro. Ita ke sa ido a kan shaguna da kes-kes da gidajen abinci da gidajen burodi. Gyaran ƙananan tituna da magudanun ruwa da kwashe shara da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba duk suna cikin jerin, kazalika tana da hannu a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi. Gaskiya ne Gwamnatin Jihar Ikko ta karɓe wasu daga cikin waɗannan ayyuka, kamar babbar kwata ta Oko-Oba da yawancin aikin kwashe shara, amma abin da ya rage a hannun ƙaramar hukuma ya isa ya gyara wa mutum kasuwa ko ya karya masa jari.

Yanzu sai mai karatu ya sake duba wannan jeri, ya ga sana'ar wa aka ambata. Ɗan ga-ruwa da kurarsa, ɗan dako da baronsa, mai shayi da teburinsa, mahauci da rumfarsa, mai kes a bakin titi, duk namu ne. Ashe ke nan babu wani mataki na gwamnati da ya fi shafar tuwon ɗan Arewa a Kurmi kamar wannan da muka fi rainawa. Shugaban Ƙasa ba ya yanka wa mai baro kuɗin tikiti, Gwamna ba ya raba rumfuna a ƙaramar kasuwa. A sakateriya ake yin waɗannan, a gaban kansiloli da shugabannin kasuwa, a ranakun da mu muna can muna neman na cefane.

Akwai kuma dalili na biyu, watau kuɗi. Tun gyaran da gwamnatin soja ta yi a 1976, wanda ya kawo ƙarshen tsarin En'e ya kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a faɗin ƙasa, ake ta muhawara a kan wanda zai riƙe musu asusu. Adadinsu ya ƙaru har ya kai 774, amma kason da ake ba su daga asusun Tarayya yana bi ne ta hannun jihohi, gwamnoni da yawa kuma suka riƙa rushe zaɓaɓɓu suna naɗa kantomomi. Ranar 11 ga watan Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce shugabancin da ba zaɓaɓɓe ba ya saɓa wa Tsarin Mulki. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatar da wannan hukunci, amma alƙibla ta riga ta bayyana. Duk ranar da kuɗin suka zauna sosai a hannun ciyamomi, unguwar da take da baki a majalisa ita za ta samu kwalbati da famfo da magani a asibiti, wadda ta yi shiru kuwa za ta samu alkawari.

A Jihar Ikko akwai wani ƙarin bayani da ya kamata kowa ya sani. Tsarin Mulki ya san ƙananan hukumomi 20 ne kawai a jihar, Agege tana cikinsu. A 2003 gwamnatin jihar ta ƙirƙiro wasu 37, abin da ya jawo takaddama da Gwamnatin Tarayya har aka riƙe wa jihar kuɗin ƙananan hukumominta, aka dangana da Kotun Ƙoli a 2004. Daga baya aka mayar da su yankunan raya ƙasa, waɗanda aka fi sani da LCDA, kowanne da ciyamansa da kansilolinsa. Orile-Agege ɗaya ce daga cikinsu. Saboda haka mutum yana iya cewa shi ɗan Agege ne, alhali sakateriyar da take da iko da titinsa daban ce da wadda yake zato. Wanda bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, ina zai kai ƙara?

Ba mu ce laifin duka namu ne ba. Mun san takaicin takardar shaidar ɗan asalin ƙasa, wadda ake hana yaron da aka haifa a Agege, aka haifi ubansa a Agege, a ce ya tafi garin da bai taɓa gani ba ya nemo, shi kuma can a ce ba a san shi ba. Mun san akwai masu karɓar kuɗi a tituna da kasuwanni waɗanda suke ganin mai baro ɗan Arewa a matsayin nama, domin sun tabbata ba zai kai ƙara ba. Ba mu kuma manta da rigingimun Ketu a 1999 da Idi-Araba a 2002 da Mile 12 a 2016 ba, inda aka yi asarar rayuka da dukiya, abin da ya sa wasu dattawa suke ganin ja da baya shi ne zaman lafiya. Muna girmama wannan tsoro, amma ba mu yarda da maganin ba. Irin waɗannan fitinu sukan tashi ne daga ƙaramin saɓani a kasuwa ko a titi, wanda da akwai sanayya tsakanin shugabannin ɓangarorin biyu da an kashe shi tun yana tartsatsi. Mutumin da kuke zama benci ɗaya da shi a taron unguwa kowane wata, da wuya ya yarda a ƙona maka shago.

Haka kuma ba mu rage wa Sarkin Hausawa da fadawansa komai daga darajarsu ba. Sun riƙe jama'a shekara da shekaru, sun sasanta rigingimu, sun karɓi baƙi, sun tsaya wa marasa gata a gaban 'yan sanda. Hawan Sallah da tarurrukan Maulidi da sauran bukukuwan da ake yi a Agege suna nuna ƙarfin wannan jama'a da haɗin kanta. Sai dai sarki roƙo yake yi, kansila kuwa ƙuri'a yake jefawa a kan kasafin kuɗi. Jama'ar da take iya cika fili ranar hawa, bai kamata ta gagara cika layi ranar zaɓe ba. Ɗora wa fada dukan nauyin hulɗa da hukuma zalunci ne ga fadar kanta.

Agege tana sauyawa a kan idonmu. An buɗe gadar sama ta Pen Cinema a watan Maris na 2021. A watan Yuni na shekarar aka ƙaddamar da sabuwar hanyar jirgin ƙasa ta Ikko zuwa Badun mai tasha a Agege, a 2024 kuma aka buɗe jirgin cikin gari na Jan Layi daga Agbado zuwa Oyingbo, shi ma yana tsayawa a nan. Waɗannan ayyuka na jiha ne da na Tarayya, mun kuma yi maraba da su. Amma kowa ya ga rumfuna da gine-ginen da aka rushe kafin a shimfiɗa su, kowa kuma ya san inda hanya ta gyaru kuɗin haya da na fili sukan tashi, masu kuɗi su soma sha'awar wurin da a da ba su kallo. Idan aka zo sake fasalin wata kasuwa ko ta da wasu 'yan tireda, wanda ba shi da takardar rumfa, ba shi da rasit na harajin da ya biya, sunansa ba ya cikin rajistar ƙungiyar kasuwa, ba shi da abin nunawa ko da ya shekara arba'in a wurin.

Don haka muna kira ga jama'armu da su yi waɗannan abubuwa, waɗanda babu mai wuya a cikinsu. Na farko, duk wanda Agege ce mazauninsa ya je ofishin Hukumar Zaɓe ta Ƙasa a lokacin da take rajista ya nemi a mayar da katinsa nan, domin da rajistar wannan hukuma ce hukumar zaɓe ta jiha take aiki. Doka ta yarda da haka, sashe na 41 da na 42 na Tsarin Mulki kuma sun ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya so ba tare da an nuna masa bambanci ba. Na biyu, kowane layi ya tura wakilai zuwa ƙungiyar raya unguwa, watau CDA, su biya kuɗin wata kamar kowa, su yi magana idan ana batun tsaro da lambatu da wutar lantarki. Masu gadin yawancin waɗannan layuka 'ya'yanmu ne, bai dace a riƙa yanke albashinsu da ƙa'idojin aikinsu babu mai jin harshensu a wurin ba. Na uku, kada a biya ko sisin kwabo babu rasit mai hatimin hukuma, a kuma adana shi kamar yadda ake adana takardar gona. Na huɗu, a yi wa kowane jariri rajistar haihuwa, a sa yara maza da mata a makarantar firamare ta unguwa tare da ta Islamiyya, domin daga cikinsu ne za a samu mai karanta kasafin kuɗi ya gane inda aka karkatar da shi.

Ga ciyamomi da kansilolin Agege da Orile-Agege kuma, muna da 'yan buƙatu. A liƙa jerin harajin da doka ta amince da shi a ƙofar kowace kasuwa, da Turanci da Yarbanci da Hausa, don mai baro ya san abin da yake kansa. A riƙa sanar da ranakun taron jin ra'ayin jama'a a kan kasafin kuɗi ta hanyar masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. A ba da wa'adi isasshe da wurin komawa kafin a ta da kowa daga inda yake sana'a. Wanda ake karɓar harajinsa kullum ya cancanci a ji ta bakinsa.

Abin da muka faɗa game da Agege ya shafi Sabo ta Badun da Sabo ta Shagamu da duk wani zango da mutanenmu suka kafa a Kudu. Kakanninmu sun zo da ƙafa da jirgi, sun gina amana da masu gari har aka ba su wurin zama da wurin binne matattunsu. Abin da ya rage wa wannan zamani shi ne mu karɓi haƙƙin da doka ta riga ta ba mu, mu kuma sauke nauyin da yake tafe da shi. Hausawa sun ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Majalisar ƙaramar hukuma za ta ci gaba da zama ko mun je ko ba mu je ba, kuma a kan kasuwarmu da titinmu da makarantar 'ya'yanmu za ta riƙa yanke shawara. Gara a yanke muna zaune a wurin.