Kunya ba ta gyara boila

Yau ba labarin karatu zan ba ku ba, faɗa zan yi, kuma da mutanenmu na nan nake, musamman ɗalibai masu iyali da waɗanda Allah ya hore wa suka sayi gida. Ku na gida ku yi haƙuri ku karanta, akwai rabonku a ciki.

Da zarar hunturu ya kama, sai ka ga saƙo a zauren WhatsApp: boila ta mutu, yara na rawar ɗari, wa ya san mai gyara? Kafin minti 5 an turo lambar wani, wai namu ne, mutumin kirki ne, ba ya tsauwalawa, kuɗi hannu kawai. Ba wanda zai tambaya ko yana da rajista. In ka kuskura ka tambaya, sai a ce ka zama Bature, ba ka yarda da ɗan uwanka ba. To ni dai na ce wannan ɗabi'a tamu ganganci ce, kuma ganganci ne da rayukan yara.

Ga waɗanda ba su taɓa zuwa ba, boila wata na'ura ce da ake kafewa a bango, galibi a kicin. Tana ƙona gas ta dafa ruwa, ruwan ya bi bututu zuwa radiyeta a kowane ɗaki, shi ke ɗumama gida. In gas ɗin bai ƙone sosai ba, ko bututun fitar da hayaƙi ya toshe ko aka haɗa shi ba daidai ba, sai ta fara fitar da iskar kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Mutum ya fara jin ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ya ɗauka mura ce, ya sha farasitamol ya kwanta, ga tagogi duk a rufe saboda sanyi. Ku na gida kun san wannan iska sarai, ita ce ke kashe iyali guda a dare ɗaya idan aka kwana da janareta a cikin gida, ko aka shiga da kaskon garwashi ɗaki aka kulle ƙofa lokacin ɗari.

Shi ya sa doka a ƙasar nan ba ta wasa da aikin gas. Tun dokar 1998 aka shimfiɗa ƙa'idojin, kuma daga 1 ga Afrilun 2009 rajistar Gas Safe ta maye gurbin CORGI a Ingila da Sikotlan da Wales. Duk wanda ya karɓi kuɗi ya taɓa boila ba ya cikin wannan rajista, laifi ya yi, ana iya cin sa tara ko a ɗaure shi. Kowane mai rajista yana da kati mai hotonsa da lambarsa da ranar ƙarewa. Ku juya bayan katin, nan aka jera irin aikin da aka yarje masa, domin wanda aka ba izinin haɗa murhun girki ba lallai ne a ba shi izinin boila ba. Lambar kuma ana iya duba ta a shafin Gas Safe kyauta, shi yana tsaye a bakin ƙofa. Mai gaskiya ba ya jin haushin a nemi katinsa. Wanda ya ɓata rai, ko ya ce ya manta shi a mota kuma motar ba ta kusa, ku ba shi ruwa ya sha ku sallame shi.

Na san abin da za a ce. Na farko, masu rajista suna da tsada, mu kuwa ɗalibai ne, kowane fam sai an lissafa. Gaskiya ne. Amma yawancinmu haya muke, kuma a gidan haya gyaran boila ba aikinka ba ne ko kaɗan. Dokar haya ta 1985 ta ɗora wa mai gida gyaran abin ɗumama gida da ruwan zafi. Wajibi ne kuma ya sa mai rajista ya duba kayan gas kowane wata 12, ya ba ka kwafin takardar cikin kwana 28, sabon ɗan haya kuwa tun kafin ya tare. Daga Oktoban 2022 a Ingila dole ya sa ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da boila take. To don me za ka cire kuɗin abincin yaranka ka biya wani a ɓoye saboda kana jin nauyin mai gida? Rubuta masa, ka ajiye kwafi, in ya yi biris ka kai ƙara kansul. Kunyar mara kunya asara ce.

Na biyu, ai masu rajistar ma suna cuta. Wannan ma gaskiya ne. Kati yana nuna mutum ya san aikin, ba ya nuna yana da amana. Akwai wanda zai leƙa boila na minti 2 ya ce ta gama aiki sai sabuwa, alhali ƙaramin abu ne ya lalace. Maganin wannan shi ne ka kira mutum 3, kowa ya rubuta maka abin da ya gani da kuɗin kaya da kuɗin aiki daban daban. Kar ka biya duka kafin a gama. In aikin ya wuce fam 100, biya da katin bashi yana da amfani, domin dokar 1974 ta sa bankin ma yana da alhaki in aka cuce ka. In sabuwar boila aka kafa, sai ka ga takardar garanti da takardar shaidar an sanar da kansul, wadda za a tambaye ka ranar da za ka sayar da gidan. Aikin kuɗi hannu ba rasit, ba garanti, in gobara ta tashi kamfanin inshora yana iya juya maka baya. Araha ba ta ado.

Na uku, wanda ya fi damuna, wai ɗan uwa ne, neman halaliyarsa yake, mu taimake shi. Wallahi ina son namu su samu. Amma taimakon da ya dace shi ne mu ƙarfafa shi ya yi kwas ya ci jarrabawa ya shiga rajista, daga nan mu yi masa talla har ya rasa lokacin kansa. Ba shi aikin gas a ɓoye jefa shi ne cikin hatsarin kurkuku, in kuwa wani abu ya sami iyalin da ya yi wa aiki, wane zumunci ne zai rage? Ya yi fenti, ya gyara ƙofa, ya haɗa gado, duk mu kira shi. Gas dai a'a.

Haka batun iyakwandishan. Tun da zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby ranar 19 ga Yulin 2022, mutane suka fara kafa shi a gidaje. Mai taɓa iskar sanyin da ke cikinsa shi ma sai yana da tasa takardar, ta F-gas. A tambaya.

Akwai abin da kowa zai iya da kansa. Duba agogon boila, in tana sanyi allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. In kana iya ganin harshen wuta, shuɗi ya kamata ya zama, in ya koma rawaya ko ka ga baƙin hayaƙi a jikin boila, kashe ta. In duk gidan na ciwon kai amma ana fita waje sai a ji sauƙi, kar a jira. A buɗe tagogi, kowa ya fita, a kira 0800 111 999, a nemi likita. Ku rubuta lambar nan ku manna a jikin firij.

Ku kuma na gida, don Allah janareta ya kwana a waje nesa da taga, garwashi kuma kar ya kwana a ɗaki. Wanda maganata ta yi wa zafi ya yafe ni, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A gaida su Hajiya da yara duka. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.