Cakulan Ba Kalmar Bature Ba Ce

Duk lokacin da aka zo darasin aron kalmomi, ɗalibi kan rubuta cewa Hausa ta aro "cakulan" da "tumatir" daga Ingilishi, sai ya ajiye biro. A ganina wannan rabin amsa ce. Shi ma Ingilishin daga Sifaniyanci ya aro, su kuwa Sifaniyawa a ƙasar Meziko suka tsinci kalmomin, a bakin al'ummar Aztek masu harshen Nahuwatil.

Kafin Hernan Kotes ya iso ƙasarsu a 1519, Aztek sun daɗe suna shan koko, ba kokon ƙosai ba, na bishiya. Sukan soya 'ya'yan, su niƙa, su dama da ruwa, su zuba barkono, wani lokaci da garin masara ko zuma. Daga nan sai a riƙa juye shi daga wannan ƙoƙo zuwa wancan har ya yi kumfa. Abin sha ne mai ɗaci na sarakuna da mayaƙa da fatake. Bishiyar ba ta yi a tsaunukan Tenoctitilan, babban birninsu, don haka daga yankuna masu zafi irin su Sokonusko ake kawo shi a matsayin haraji. 'Ya'yan kuma kuɗi ne, kamar yadda wuri yake a ƙasar Hausa. Wata takardar farashi ta 1545 daga Tilaskala ta nuna talotalo mace 'ya'ya 100 ce, babban tumatir kuwa ƙwaya 1.

Su ma Aztek gado suka yi. Mayawa sun riga su sha, har sun rubuta "kakaw" a jikin tukwanensu. Binciken da aka buga a 2018 ya gano burbushin koko mai shekara 5,300 a ƙasar Ikwado. Sukarin da ya rinjayi ɗacin Sifaniyawa ne suka kawo, cakulan na tauna kuwa sai a 1847 aka yi shi a Ingila.

An rushe daular Aztek a 1521, amma mutum fiye da miliyan 1.5 na magana da Nahuwatil har yau. Idan muka tsaya a Ingilishi, mun ba dillali hajar mai kaya. Saboda haka 'yan uwana ɗalibai, mu riƙa bin sawun kalma har gidan da ta fito. Waiwaye adon tafiya.