Sharhi: Auren Kirista da tafiya ci-rani, wa ya fara cin amana?

Duk shekara bayan an kawar da amfanin gona, samari da magidanta na barin Maraɗi, Damagaram da Tawa zuwa biɗa. Wasu Abijan, wasu Kano ko Legas, wasu Libiya da Aljeriya, ƙalilan har Turai. A cikinsu akwai Kiristoci, duk da cewa tsiraru ne a ƙasar nan. A gidajen da suka baro akwai matsalar da ba a cika maganarta a fili ba: matar da saƙon kuɗi ya daina zuwa mata, waya ta daina shiga, can sai labari ya iso cewa maigidan ya ajiye wata. Ga mace Kirista ƙullin ya fi wuyar kwancewa. Tana zaune cikin al'ummar da zawarci da sake aure ba baƙon abu ba ne, amma majami'arta na koya mata cewa mutuwa ce ke raba aure.

Koyarwar tana da tushe. A Matiyu sura 19, Farisiyawa sun tambayi Yesu Almasihu ko ya halatta mutum ya saki matarsa saboda kowane irin dalili. Malaman Yahudawa sun riga sun rabu kan abin da Maimaitawar Shari'a sura 24 ke nufi: almajiran Shammai sun taƙaita saki ga alfasha, na Hillel kuwa sun buɗe ƙofa har ga macen da ta ɓata girki. Yesu ya mayar da su ga farkon halitta, ya nuna cewa Allah ne ke haɗa miji da mata, kuma Musa ya yarda da takardar saki ne saboda taurin zuciyar mutane. Matiyu ya keɓe dalili ɗaya, wato fasikanci. Markus sura 10 da Luka sura 16 ba su ambaci wannan keɓewa ba. Manzo Bulus, a 1 Korantiyawa sura 7, ya ƙara da cewa idan abokin aure wanda ba mai bi ba ne ya zaɓi tafiya, wanda aka bari ba a ɗaure yake ba.

A lura da waɗanda suka yi tambayar. Maza ne, a zamanin da igiyar saki ke hannun miji, macen da aka kora kuwa ba ta da madogara. Kenan amsar ta fara faɗawa ne a kan mai ƙarfi. Shinge aka yi wa mace don kada a jefar da ita kamar tsohon zane. Abin takaici ne a ga an juya wannan shinge ya zama kurkuku gare ta, shi kuwa wanda ya gudu yana can yana harkokinsa.

Majami'u ba su karanta ayoyin iri ɗaya ba, kuma ya kamata matasa su san haka tun kafin a kai sadaki. Cocin Katolika na cewa auren da aka ɗaura tsakanin masu baftisma biyu, suka kuma tare, babu mai iya warware shi. Amma dokarta ta yarda a raba zama idan akwai haɗari ga rai ko lafiyar mace ko ƴaƴa. Akwai kuma kotun coci da ke binciken ko auren ya ɗauru tun farko, misali idan an yi shi bisa tilas ko yaudara. A shekarar 2015 Fafaroma Francis ya sauƙaƙa wannan bincike: ya cire sharaɗin sai kotuna biyu sun yanke hukunci iri ɗaya, ya kuma ba bishop ikon yanke shari'o'in da hujjarsu ta fito fili. Akasarin Furotesta kuwa sun amince da dalilai biyu, zina da gudu da gangan, kamar yadda takardar shaidar bangaskiya ta Westminster ta tsara tun 1646. Cocin Otodoks na yarda da aure na biyu har na uku, amma da addu'o'in tuba. Cocin Ingila a 2002 ta amince a ɗaura wa wanda ya taɓa saki aure a cikin majami'a a wasu yanayi na musamman. Duk da wannan bambanci, babu ko ɗaya da ta ce mutum na iya ɓacewa ya bar iyalinsa cikin duhu.

Dalilin tsananin shi ne, a Littafi Mai Tsarki aure hoto ne na alkawarin da ke tsakanin Allah da jama'arsa. Annabi Hosiya, wanda wasu fassarorin Hausa ke kira Yusha'u, ya kwatanta bautar gumaka da cin amanar aure. Annabi Malakai, a sura 2, ya faɗa wa mazan da ke kuka don ba a karɓi hadayarsu ba cewa Allah shaida ne tsakaninsu da matan ƙuruciyarsu da suka ci wa amana. A 1 Timoti sura 5 an ɗauki wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa a matsayin wanda ya musanta bangaskiya. Saboda haka magidancin da ke ba da zakka a wata majami'ar Abijan ko Faransa, alhali ƴaƴansa a Maraɗi an koro su daga lakwal saboda rashin kuɗi, littafinsa ne ke tuhumarsa kafin kowa.

Mun san ci-rani ba wasa ba ne. Akwai wanda ke tsare a hannun ƴan bindiga a Libiya, akwai wanda aka zubo a Assamaka ba ko takalmi, akwai wanda kunyar rashin samu ta hana shi kira. Irin waɗannan ba maciya amana ba ne. Amma talauci bai hana mutum aika saƙon murya ya ce ina raye, ga halin da nake ciki.

Kiristanci ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Mishan ta SIM ta fara aiki a Damagaram tun 1924, asibitin Galmi na karɓar marasa lafiya tun 1950, Katolika kuma na da dayosis a Maraɗi tun 2001. Al'ummar da ta yi wannan daɗewa ta isa ta sami amsa bayyananniya ga matan da aka bari. Muna kira ga shugabannin EERN, na Katolika da na sauran ɗariku su fitar da tsari a rubuce, cikin Hausa, da kowa zai fahimta: wa mace za ta kai wa kuka, yaya za a nemo mijin ta hannun fastocin ƙasar da yake, tsawon wane lokaci za a jira, wa zai ɗauki nauyin ƴaƴa kafin nan. A ce wa mace ta yi haƙuri shekara bakwai ba tare da an taɓa kiran mijinta ba, zalunci ne ko da an lulluɓe shi da aya.

Su ma matasa da nasu aikin. Nijar har yau ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya, kuma a harkar aure da saki kotuna kan duba al'adar waɗanda suka zo gabansu. Don haka bayan bikin majami'a, a je ma'aikatar magajin gari a karɓi takardar aure. Ita ce hujjar mace da ƴaƴanta a kotu, ita ce kuma ake nema idan miji na son iyalinsa su same shi a waje. Kafin a kama hanya, a zauna da iyaye da fasto a yi maganar ciyarwa da lokacin dawowa.

Wanda kuma yake karanta wannan sharhi daga ƙasar waje, ya san akwai lambar da ya daɗe bai kira ba, to ya kira ta yau. Idan zaman ya ƙare a zuciyarsa, ya faɗa a gaban iyaye da majami'a, ya sauke haƙƙin ƴaƴansa, domin ita ma ta san matsayinta.