Umara ta kwana goma: a shiga ta Madina, a fita ta Jidda

Tun da Umara ta zama tafiyar da ɗan kasuwa ko ma'aikaci ke yi cikin hutun kwana goma, wata matsala ta bayyana wadda mutanen da ba su sani ba, su da ke share watanni bisa hanyar Sudan kafin su ga teku. Matsalar ita ce ƙarancin kwanaki. Garuruwa uku ne ke jiran mai niyya, Madina da Makka da Jidda, kuma yadda ya jera su shi ke nuna ko kwanakinsa za su tafi cikin ibada ko cikin mota.

Abin da aka saba shi ne a sayi tikitin zuwa da dawowa ta Jidda, don shi mai sayarwa ya fi sani, kuma sau da yawa shi ya fi araha. Mai irin wannan tikiti yakan sauka Jidda, ya wuce Makka, wajen kilomita 80, ya yi Umara, ya tafi Madina, wajen kilomita 450, sa'an nan ya sake komowa kudu sama da kilomita 400 domin ya iske jirginsa. Hanya guda ke nan ya bi sau biyu. In a bas ne, kowane zuwa sa'a biyar ne ko shida, ban da ɗaure kaya da jiran abokan tafiya, wato yini guda cur ya salwanta daga cikin goma. Alhali ana sayar da tikitin da ke sauke mutum a filin jirgin Madina, ya kuma ɗauke shi daga na Jidda, kuma tun shekarar 2022 hukumomin Saudiyya suka yarda mai bizar Umara ya shiga ya fita ta kowane filin jirgi na ƙasar. Ko da kuɗinsa ya ɗara kaɗan, in aka cire kuɗin motar komowa da abincin hanya, ratar takan ragu ƙwarai. Ba kowane kamfani ke sauka Madina ba, saboda haka wannan ce tambayar farko da ta kamata a yi wa mai sayar da tikiti, tun kafin a zo maganar farashi.

Farawa ta Madina na da wani amfani da ya fi na kuɗi. Jirgin da ke zuwa daga Afirka yakan ƙetare miƙati tun yana sama, kafin ya sauka Jidda, kuma malamai da yawa ba su ɗauki Jidda miƙatin mai zuwa daga nesa ba. Ke nan wanda ya nufi Makka kai tsaye dole ya ɗaura harami a filin jirgin da aka yada zango, Adis Ababa ne ko Istambul, ko kuma cikin jirgin kansa, ya yi niyya lokacin da aka yi sanarwa, in an yi ta. Daga nan ga layin masu duba fasfo, ga mota, ga ɗawafi da sa'ayi bisa gajiyar yini da dare. Saurayi na iya jurewa. Dattijuwa mai ciwon gwiwa kuwa wannan dare kaɗai ya isa ya kwantar da ita kwana biyu. Wanda ya fara ta Madina yana sauka da tufafinsa na gida, ya huta kwana uku ko huɗu, ya yi ziyara, sa'an nan ya ɗaura harami a natse a Zul Hulaifa, wurin da aka fi sani da Bir Ali, a bakin gari.

Tsakanin Madina da Makka akwai jirgin ƙasa mai sauri na Haramaini, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2018. Gudunsa na kai kilomita 300 a sa'a, kuma tafiyar ba ta cika kai sa'a biyu da rabi ba. Tashoshinsa biyar ne: Madina, birnin Sarki Abdallah kusa da Rabig, filin jirgin Jidda, unguwar Sulaimaniyya cikin Jidda, da Makka. To amma jirgin nan ba motar tasha ba ce da ke jiran ta cika. Kujera da lamba take, ana kama ta tun da wuri ta intanet, musamman a ƙarshen mako da watan azumi, kuma wanda ya makara ya makara. Ba ya tsayawa a miƙati, don haka da harami ake shigarsa, a yi niyya jim kaɗan bayan ya tashi. Sai batun kaya, wanda nan ne mutanen Maraɗi da Damagaram suka fi cin karo da shi: akwati babba guda aka yarda wa kowane fasinja, da bai wuce kilo 25 ba, da ƙaramar jakar hannu. Wanda ya cika buhuna da dabinon Madina da dardumai da jallabiyoyin tsaraba, bas ce tasa. Wannan ma dalili ne na a jinkirta sayayya zuwa ƙarshen tafiya, ga kasuwannin Makka, ga tsohuwar unguwar Balad a Jidda. Iyali na mutum huɗu ko biyar kuwa ya kamata su kwatanta kuɗin tikitocinsu da na hayar mota guda, wadda za ta ɗauke su daga ƙofar masauki, ta tsaya Bir Ali, ta aje su ƙofar wani masaukin; tashoshin jirgin ƙasan ba a bakin masallatan suke ba, sai an ƙara da taksi a kowane gefe.

Ɗa'ifa, mai sanyin iska bisa duwatsu, ba ta kai kilomita 100 daga Makka ba. A tafiyar kwana goma, zuwan yini guda ya ishe ta, in ma an je.

Duk wannan lissafi na can ne, alhali tafiyar tun daga gida take farawa. Daga Maraɗi zuwa Yamai kilomita 660 ne, daga Damagaram kusan 900, daga Tawa wajen 550. Kano kuwa wajen kilomita 250 ce daga Maraɗi ko Damagaram, shi ya sa da yawa ke tashi daga can. Kusancin gaskiya ne, sai dai akwai iyaka a tsakani, kuma ba a manta ba yadda ta kasance rufe daga watan Agusta na 2023 har zuwa Maris na 2024. Tikitin jirgi ba ya sanin an rufe iyaka ko mota ta lalace a Dogon Dutsi. Ko ta Yamai ko ta Kano, a kwana a garin da jirgi zai tashi, kuma a lissafa wannan dare cikin kwanakin tafiya. Haka nan wajen yada zango: tikiti biyu daga kamfanoni dabam-dabam kan yi kama da araha, amma in jirgin farko ya makara, na biyun ba ruwansa.

Takardu su ma suna da jerinsu. Allurar sanƙarau ana son ta kwana goma aƙalla kafin isowa, tare da katin allurar shawara. Tun watan Yuni na 2025 Saudiyya ta ɗaure bayar da bizar Umara ga samun masauki da aka tabbatar ta tsarin Nusuk, wato ranakun Madina da na Makka sai an tsaida su tun kafin biza ta fito, sauya su daga baya kuwa asara ce. Ziyarar Rauda ma ta Nusuk ake kama lokacinta. Wanda zai bi ta kamfanin jigilar alhazai, ya bincika ko hukumar COHO ta amince da shi, ya kuma nemi a rubuta masa jerin garuruwa da kwanaki da irin motar da za a shiga.

Ranar komowa ita aka fi yi wa sakaci. Masaukai galibi da tsakar rana suke karɓar ɗakunansu, jirage da yawa kuwa cikin dare suke tashi, kuma agogon Saudiyya na gaban na Nijar da sa'a biyu. Filin jirgin Jidda ba zaure guda ba ne: tashar jirgin ƙasa na manne da sabon zaure mai lamba 1, amma zauren arewa da na alhazai suna nesa, sai an shiga mota. Sunan zauren na rubuce bisa tikiti, kuma shi ya kamata a nuna wa direba tun daga Makka.