NA'URA TA RUBUTA, WA ZA A ƊAURE?

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, 'yan tebur da masu rumfa, akwai wata sabuwar sana'a da ta ɓullo a bakin kasuwanninmu wadda ya kamata mu tone ta tun ba ta kai wani gidan yari ba. Ko'ina aka ji labarin tallafi ko kwangila, sai ka ga yaran shagon kwamfuta suna kiran mutane su zo a rubuta musu takardar nema. Ka biya kuɗinka, yaro ya buɗe ChatGPT, kafin ka gama gyara hula ya miƙo maka shafi goma na Turanci mai santsi, ya nuna maka wurin sa hannu. Kai kuwa ba ka san abin da ke ciki ba, shi ma wallahi bai karanta ba.

Mu ba mu ce na'urar haramun ce ba. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ita a watan Nuwamba na 1922 ko na 2022, ai ba lissafin da zai rikice mana: 2022 ne, kuma daga ranar ta rage wa manya wata fariya, domin dā ɗan boko kaɗai ke iya tsara takardar da za a dube ta a ofis. Amma ku san irin aikinta. Wannan abin da a ke kira ƙirƙirarriyar basira tarin rubuce-rubucen duniya ta haɗiye, sa'an nan ta riƙa jera kalmar da ta ga ta fi dacewa da bin 'yar'uwarta. Ba ta taɓa shiga Dawanau ba, ba ta san nawa ka sayo buhun gero jiya ba. In ba ka gaya mata ba, ba za ta yi shiru ba, sai ta cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya. Mai tebur ɗaya da yaro ɗaya a Kantin Kwari sai ya wayi gari a takarda yana da ma'aikata goma sha biyu da sito biyu.

Kada wani ya ce ai jahilci ne ya jawo. A shekarar 2023 wani alƙali a birnin Niyok na Amurka ya ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun kawo masa shari'o'in da ba a taɓa yi ba, na'ura ce ta ƙago musu. A 2025 kuma aka gano cewa rahoton da gwamnatin Ostareliya ta ba kamfanin Deloitte kwangilarsa a kan dalar ƙasar 440,000 yana ɗauke da sunayen littattafan da babu su, har da maganar da aka jingina wa alƙali bai faɗa ba. To, me aka yi musu? Sun gyara rahoton, sun mayar da wani kashi na kuɗin, shi ke nan, kasuwarsu na ci har gobe.

Yanzu sai ku dubi naku rabon. Dokar ba da kwangilolin gwamnatin tarayya ta 2007 ta yanka wa wanda ya saɓa mata ɗaurin shekara 5 zuwa 10, ba zaɓin tara, kamfani kuwa a hana shi neman kwangila aƙalla shekara 5, ya kuma biya kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin. Ran da asiri ya tonu ba yaron shago za a nema ba, ba kuma na'ura za a sa wa ankwa ba. Wanda sunansa ke ƙasan takarda shi za a kama, kuma mun san wanda ba shi da lauya ba shi da ɗan'uwa a ofis shi ne ya kan kwana a ciki.

Akwai kuma wata ɓarnar. Gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 ta ke ba masu ƙananan sana'o'i jarin dala 5,000, masu nemanta sukan haura dubu ɗari a shekara. In rabinsu sun zo da zance iri ɗaya daga baki ɗaya, ina mai tantancewa zai gane matar da ta shekara goma tana suyar ƙuli-ƙuli da gaske? Hukumar binciken lafiya ta Amurka, watau NIH, ta riga ta ga wannan. Da ta tarar da mutum ɗaya na turo takardu fiye da 40 a zagaye guda, sai ta kafa doka a 2025 cewa kowa kada ya wuce 6 a shekara, kuma takardar da na'ura ce ta yi akasarinta ba za a ɗauke ta aikin mai ita ba.

Saboda haka in za ka yi amfani da ita, ka ɗauke ta kamar malamin rubuta wasiƙa na bakin gidan waya a dā: kai ke faɗa, shi ke rubutawa. Jarinka, cinikinka, yawan yaranka, daga littafinka da rasit ɗinka za su fito. In an gama, a karanta maka da Hausa layi-layi, duk adadin da ba za ka iya rantsuwa a kansa ba a goge shi, ko da takardar za ta rage kyau. Kada kuma ka yarda a zuba lambar BVN ko NIN ɗinka a cikinta.

Ga hukumomi kuwa, su ne suka gina wannan rami da suka mai da Turanci ƙofar arziki. Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su tsaya kai da fata a riƙa karɓar takardar neman tallafi da Hausa, kuma kafin a ba kowa kuɗi ko kwangila jami'i ya tako da ƙafarsa ya ga rumfar, ya ƙirga buhunan.